Ɗalibai da yaƙi da wariya: mu fara da ta waje ko da ta gida?

Ba'adaren Harobanda ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan zaure. Shawara nake nema, musamman daga yayyenmu da iyayenmu da suka taɓa shiga gwagwarmayar ɗalibai. Zancen yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni.

Ni ɗalibi ne a nan Yamai, a jami'ar da ke Harobanda, shekara ta uku a sashen tarihi. Garinmu wani ƙauye ne kusa da Illela cikin jihar Tawa. Yayana wanda nake bi ya tafi Tunusiya karatun kwamfuta, kuma sai da babanmu ya sayar da shanu biyu da rabin garkar albasa kafin kuɗin su cika. Ran 21 ga Fabrairu 2023 shugaban ƙasar, Kais Saied, ya yi jawabin nan da ya ce shigowar baƙi daga kudu da Sahara wani shiri ne na sauya asalin al'ummar Tunusiya. Ba a yi kwana uku ba mai gidan da yayana ke haya ya ce su kwashe kayansu, alhali katin zamansa bai mutu ba, kuɗin haya kuma ya biya. Ya ɓuya a ɗakin wani ɗan Kodebuwa, su takwas a ɗaki guda. Ranar da yunwa ta fitar da shi sayen burodi, yara suka bi shi da jifa suna kiran "kahlush", kalmar zagin baƙar fata, wani babba mai furfura ya tofa masa yawu a ƙirjin riga. Gine da Mali da Kodebuwa sun aika jirage sun kwashi mutanensu cikin watan Maris. Shi da kuɗin da dangi suka haɗa ya dawo, saura wata huɗu ya kammala. Yau gyaran salula yake yi a wata rumfa a kasuwar Tawa. Ba ya son a tada maganar. Rigar tana nan ƙasan jakarsa, bai wanke ta ba, bai kuma jefar ba.

Tun daga lokacin abin yake cina. Na shiga karanta yadda ɗaliban wasu ƙasashe suka yi. A jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu, ran 9 ga Maris 2015 wani ɗalibi ya watsa wa gunkin Cecil Rhodes, Baturen mulkin mallaka, ƙazanta, ɗalibai suka mamaye ginin shugabannin jami'a, ran 9 ga Afrilu aka zo da mota aka ɗauke gunkin. Wata ɗaya cif. A jami'ar Misuri ta Amurka kuma, cikin Nuwamban shekarar, wani ɗalibi baƙar fata ya shiga yajin cin abinci, ƴan ƙwallon jami'ar suka ce ba za su sake buga wasa ba, kwana biyu bayan haka shugaban jami'ar ya ajiye aiki. Na ce a raina, mu da ake kwaso ƴan'uwanmu daga Aljeriya a zube su cikin hamada su taka kilomita 15 zuwa Asamaka, mu da muka ga hoton cinikin mutane a Libiya a 2017, me ya sa bakinmu ya mutu?

Mu shida ne a fadarmu ta bayan site, wato gidan kwanan ɗalibai. Muka shirya za mu yi taro ran 21 ga Maris, ranar yaƙi da wariyar launin fata ta duniya, wadda aka ware don tunawa da mutum 69 da ƴan sanda suka kashe a Sharpeville ta Afirka ta Kudu a 1960. Har mun sayi yadi fari da fenti.

To ga inda zancen ya juya. Abokin ɗakina, shekara biyu muna tare, mutumin wajen Abalak ne. Shi ke dafa mana shayi kullum, ba shi da yawan magana. Daren da muke gardamar abin da za a rubuta jikin yadin, yana fifita gawayi, sai ya ce ba tare da ya ɗago kai ba: "Idan kun gama da Larabawa, ku rage mini ɗan wuri a ƙasan yadin." Muka yi dariya, mun ɗauka wasa ne. Sai ya ajiye mafici ya gaya mana abin da bai taɓa faɗa ba. Bara ya nemi auren wata ƴar ajinsu, suna son juna, iyayenta suka aika a binciko asali. Ɗan aiken ya dawo da magana ɗaya: ba ɗa ba ne, wato jinin bayi ne. Shi ke nan aka rufe zance. Ba a tambayi sallarsa ba, ba a tambayi halinsa ba, shi da yake na ɗaya a ajinsu.

Sannan ya dube ni. Ya ce, "Kai ma shekara biyu kana ce mini bawana. Idan Bagobiri ya ce wa Bazabarme bawana, su biyun suna dariya, don kowa ya san ba haka ba ne. Ni kakata da ƙarfe a ƙafa ta mutu. Na ga shaidarsa a idon sawunta."

Wallahi ban san lokacin da na ajiye kofin ba. Ban taɓa nufinsa da sharri ba, amma na faɗa, ba sau ɗaya ba, ba sau ɗari ba, kuma kullum murmushi yake yi ya miƙo mini shayi.

Yanzu fadar ta rabu. Uku sun ce kada a haɗa, a tsaya kan abin da ake mana a waje, don maganar asali wuta ce, kuma ƙasa tana cikin halin da ba a son abin da zai raba kai. Mu biyu mun ce ba mu da bakin zagin wanda ya tofa wa yayana yawu muddin muna hana ɗan'uwanmu aure saboda kakarsa. Shi kuma mai maganar ya koma shirunsa.

Tambayata: a haɗa biyun a taro guda ko a raba? Mu bi ta ƙungiyar ɗalibai ko mu yi da kanmu? Kuma me za mu nema takamaimai? Mu ba mu da gunkin da za mu kayar, titin De Gaulle ma tun Oktoban 2024 ya koma titin Djibo Bakary.

Tsohon ɗan gada ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗana. Na karanta saƙonka sau biyu, na biyun da tabarau na cire ina share ido. Ni ma mutumin Tawa ne, na yi ritaya daga koyarwa.

Ina shekara ta biyu a jami'a ran Juma'a 9 ga Fabrairu 1990. Munka fito da safe za mu ƙetare gadar Kennedy mu kai kokenmu cikin gari, kan burs, wato kuɗin tallafin ɗalibai, da sauye-sauyen da anka so a yi wa ilimi bisa sharuɗɗan masu ba da bashi. Jami'an tsaro sunka buɗe wuta, ɗalibai uku sunka rasu. Abin da ban manta ba shi ne takalma. Bayan an watse, gadar cike take da takalman soso, ƙafa ɗaya nan, ƙafa ɗaya can. Ni ma da ƙafa guda na koma. Ran Lahadi, kwana biyu tsakani, muna zaman makoki munka ji a rediyo an saki Mandela. Wasu na kuka, wasu na kabbara, ba ka bambance hawayen wane na mene ne.

Jinin nan bai tafi banza ba. A watan Nuwamban shekarar Janar Ali Saibu ya amince da jam'iyyu da yawa, ran 29 ga Yuli 1991 anka buɗe babban taron ƙasa ƙarƙashin André Salifou, kuma USN, ƙungiyar ɗaliban Nijar, na cikin waɗanda sunka zauna da cikakkiyar murya. Wannan kun karanta shi a aji.

Ga wanda ba ku karanta ba. Mun san sunan Biko, mun san Soweto da 16 ga Yunin 1976, muna iya kwana muna zancen wariyar Afirka ta Kudu. Amma ni dai a duk AG, babban taron ɗalibai, da na halarta ban tuna ranar da wani ya tashi ya yi maganar bauta a cikin gidanmu ba. Akwai wani kamarad, mutumin arewacin jiharmu, da shi munka riƙe yadi guda a kan gadar. Bayan shekaru na kai mishi ziyara garinsu, lokacin shina da lisans, shina koyarwa a lise. Muna zaune bisa tabarma sai ga wani dattijo daga gidan da sunka mallaki kakanninshi. Abokina ya zame daga tabarmar ya zauna ƙasa, ya sunkuyar da kai har dattijon ya wuce. Da munka haɗa ido ya kau da kai, ni ma na kau da kai. Ba mu taɓa zancen ba har Allah Ya yi mishi rasuwa. Wanga shiru shi ne abin da ya fi damuna cikin duk abin da na yi da wanda ban yi ba a ƙuruciya. Waɗanda sunka kafa Timidria, ƙungiyar yaƙi da bauta, a 1991 sun fi mu ƙarfin hali a nan.

Don haka amsata, ku haɗa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Amma ka ji sauran. Taron da ba shi da buƙata guda a rubuce, hira ce. Ɗalibai huɗu baƙar fata na Greensboro ta Amurka da sunka zauna a teburin cin abinci na kantin Woolworth ran 1 ga Fabrairu 1960 ba su ce a gyara Amurka duka ba. Cewa sunka yi a ba mu kofi a nan inda ake ba farare. Sunka dawo gobe, sunka dawo jibi, wasu na ƙaruwa, kafin ƙarshen Yuli kantin ya sallama. Ku nemo naku teburin. Na biyu, kada ku zagaye ƙungiya. Ku je wajen shugabannin ɗalibai da takarda, ku nemi amfi, babban ɗakin lacca, ta hanyar da anka saba, ku nemi malami ɗaya ko biyu su zauna gaba. In kun yi a ɓoye za a ce wani ya turo ku. Na uku, ɗan siyasa ko ya kawo muku ruwan sha kyauta ku ce kun gode. Na ƙarshe, wannan aikin ɗaki ne da kujeru, ba na titi ba. Na ga abin da titi ke ci, ba na so uwar kowa ta zo Yamai ɗaukar gawa.

Ɗan Bukoki ya amsa:

Kamarad, Allah Ya huci zuciyar yayanka, Ya musanya masa da mafi alheri. Baba, ina girmama ka, amma a nan ban bi ka ba.

Ba a tauna taura biyu. Abin da ake wa baƙar fata a ƙasashen Larabawa na arewacin Afirka kowa ya yarda da shi, Bahaushe da Bazabarme da Bafillace da Buzu da Babarbare duk za su cika amfi. Ranar da kuka ce asali, rabin ɗakin zai fara lissafin wa ake nufi. Wani zai ji kamar kakansa ake zagi, wani zai ji an tona masa abin da ya zo Yamai don ya binne. Na san ɗalibai da ba wanda ya san daga wane gida suka fito, kuma haka suke so. Kun tambaye su ko suna son a buɗe wannan tukunyar?

Sannan wasan taubasai ba abin wasa ba ne a ƙasar nan. Shi ya kashe faɗa da yawa tun kafin a haife mu, har UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2014. Ina tsoron ranar da Ba'are zai ji tsoron tsokanar Bafillace don kada a ce ya yi wariya. Doka kuma tana nan, an haramta bauta, wanda aka zalunta ya je kotu. Ni a ganina ɗalibin da burs ɗinsa bai zo ba, yake layin resto tun ƙarfe 11, ya fi buƙatar a yi masa magana kan cikinsa. Ku yi na Tunusiya ku gama lafiya, na gida a bar wa malamai da sarakuna su bi shi a hankali.

Tsohon ɗalibin Tunis ya amsa:

Ƙanena, na zauna Tunis shekara biyar, na san unguwannin da yayanka ya bi da irin kallon da aka yi masa. Abu ɗaya nake roƙonka: kada yadinku ya ce "Larabawa". Matar da ke sayar mini da kayan miya ta sha ɓoye ɗalibai a gidanta. Kwana huɗu bayan jawabin nan ɗaruruwan ƴan Tunusiya sun fito titi a babban birnin suna cewa ba da yawunsu ba. Kuma akwai baƙaƙen fata ƴan asalin ƙasar, su ma "wasif" ake ce musu, ma'anarsa bawa, a ƙasar da ta soke bauta tun 1846. Saadia Mosbah, shugabar ƙungiyar Mnemty mai yaƙi da wariya, ɗaya ce daga cikinsu, an kama ta a watan Mayun 2024. Ka ga kalmar da aka jefi yayanka da ita da wadda ka jefi abokinka da ita ƴan ɗaki ɗaya ne.

Ina can a Disamban 2016 lokacin da wani ya sari ɗalibai uku ƴan Kongo da wuƙa a tsakiyar gari. Ƙungiyar ɗaliban Afirka da ke can, AESAT, da ƙungiyoyin ƴan ƙasa suka fito tare, aka yi ta matsa lamba, har majalisa ta amince da dokar hukunta wariyar launin fata a watan Oktoban 2018. Dokar ba ta hana abin da ya faru a 2023 ba, gaskiya ne. Amma na koyi wani abu a wancan lokacin: abin da ya yi aiki shi ne rubutu. Wane ne, ran nawa ga wata, a wace unguwa, me aka ce masa, ya je komisariya ko bai je ba, me aka amsa masa. Kuka ba ya shiga ofis, takarda ke shiga.

In kuna neman buƙata takamaimai, ga ɗaya: ɗaliban da wariya ta koro kafin su kammala, a duba takardunsu a ba su damar ƙarasa shekarar da ta rage a gida. Ku fara tattara su. Yayanka shi ne na farko a jerin.

Ƴar Ƙonni ta amsa:

Sallama gare ku duka. Baba, Allah Ya ƙara lafiya, Ya jiƙan abokinka. Ni shari'a na karanta, kuma Ɗan Bukoki nake so in amsa wa, da mutunci.

Yaya, ka ce doka tana nan. Tana nan. Tun 2003 kundin hukunta laifuka ya sa bauta cikin manyan laifuka, ɗaurin shekara 10 zuwa 30. Amma bari in ba ka labarin da ya faru a ƙasarmu ta Ƙonni, wanda bai ƙare ba ko bayan an yi dokar. Hadijatou Mani tana da shekara 12 aka sayar da ita a 1996 kan jika 240 na sefa, ta zama wahaya, wato macen da ake ajiyewa bayan mata huɗu, ba sadaki, ba ɗaurin aure, ga aikin gida da na gona, ga kwana. Shekara tara tana haka. A 2005 mutumin ya ba ta takardar ƴanci, amma ya ce ai matarsa ce, ba inda za ta. Da ta auri wanda take so, ita aka yanke wa wata shida kan auren kan aure, ta shiga kaso. Sai da Timidria da lauyoyi suka kai maganar kotun CEDEAO, wato ECOWAS, ran 27 ga Oktoba 2008 kotun ta zauna a Yamai ta ce ƙasa ta kasa kare ta, a biya ta miliyan 10 na sefa. A 2014 kuwa, a Ƙonni, aka yanke wa wani mai riƙe da wahaya ɗaurin shekara huɗu. Shekara goma sha ɗaya tsakanin rubuta doka da wannan hukunci. Waɗanda suka cike tazarar nan mutane ne da suka ƙi yin shiru.

Kuma kotu ba ta ɗaura aure. Babu alƙalin da zai tilasta wa uba ya ba abokin wannan yaro ƴarsa. Abin da ke cikin kai ne, kuma waɗanda ke zaune amfi yau su ne iyayen da za su aika binciken asali nan da shekara ashirin da biyar. In ba a yi maganar da su yanzu ba, da wa za a yi?

Inda na yarda da kai ɗari bisa ɗari shi ne maganar tonon asiri. Ƙanena mai tambaya, ka saurara da kyau. Kada ka tsayar da abokinka gaban jama'a a matsayin hujja. Labarinsa nasa ne. Ya gaya muku ne ku biyar, a bakin gawayi, bayan shekara biyu yana auna ku. Ko a nan zauren ka faɗi fiye da yadda ni zan faɗa. Je ka same shi kai kaɗai, ka nemi gafararsa ba tare da "ai wasa nake" ba, sannan ka tambaye shi me yake so a yi. In ya ce a bari, ku yi taron ba tare da an ambaci ko yankinsu ba. Kada kuma ku sa abin a wuyan ƙabila ɗaya. Masu Tamajak suna da kalmar iklan, Zabarmawa suna da tasu, Fulani suna da tasu, mu Hausawa muna da bawa da baiwa da kuyanga da ɗan kwarkwara. Mai sayen wahaya a ƙasarmu sau da yawa da Hausa yake ciniki. Laifi tudu ne, kowa ya sauko daga nasa tukuna.

Wasan taubasai kuma ba wanda ya ce a kashe shi. Wasa tsakanin tsara ne, ka ce mini bawa in ce maka bawa mu tashi kunnen doki. Inda ɗaya ba shi da bakin ramawa, sunan abin ya canja.

Ku gayyato malamin addini, don da yawa da addini suke fakewa. Ya karanta aya ta 13 ta Suratul Hujurat. Ya kawo hadisin Abu Zarr da ya yi wa wani mutum gori da uwarsa, Annabi (SAW) ya ce masa kai mutum ne da akwai sauran jahiliyya tare da kai. Sahabi ne babba aka gaya wa haka, kuma bai ce wasa yake ba. Ku sa mata cikin masu magana. Yarinyar da aka hana aurenta ita ma an zalunce ta, kuma a labarin nan ba wanda ya tambayi halin da take ciki.

Ba'adaren Harobanda ya sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah Ya saka da alheri. Baba, maganar tabarmar nan ta hana ni barci. Yaya ƴar Ƙonni, kin yi gaskiya, na yi saurin baki. Na nuna masa duk abin da na rubuta, na ce in ya so in goge. Ya karanta a tsaye, ya ce in bar shi, wajen Abalak ba mutum ɗaya ba ne.

Na nemi gafararsa bayan sallar asuba, muna dawowa daga masallaci. Na shirya magana mai tsawo, amma abin da ya fito kaɗan ne. Ya ce ya yafe tun tuni, abin da ya fi masa ciwo ba kalmar ba ce, yadda sauran ke dariya ne shi ma dole ya yi. Muka yi tafiya har ƙofar ɗaki ba wanda ya ƙara cewa komai.

Ɗan Bukoki, ban watsar da maganarka ba. Saboda ita muka yanke cewa ba za a kira sunan ƙabila ko gari ko gida ba, kuma ba za a ce kowa ya tashi ya ba da labarin kansa ba. Wanda yake so ya rubuta a takarda ba suna, ya jefa a kwali, wani ya karanta. Ɗaya daga cikin ukun da suka ƙi ya dawo bisa wannan sharaɗi. Biyu har yanzu suna kan bakansu, kuma ba mu daina shan shayi tare ba.

Abokina ya ce ba zai yi maganar kansa ba. Abin da yake so shi ne a karanta sashen dokar 2003 da ƙarfi a cikin amfi, ba da Faransanci kaɗai ba, don a garinsu akwai tsofaffin da har yau ba su san an yi ta ba, kuma ɗalibai ne za su kai musu in an tafi hutu. Shi zai karanta da Tamajak, ni da Hausa. Buƙatunmu biyu ne za mu kai wa shugabannin ɗalibai a rubuce: a ba mu amfi ran 21 ga Maris, kuma ƙungiya ta buɗe rajistar ɗaliban da wariya ta koro daga waje don a nema musu hanyar ƙarasa karatu.

Na kira yayana na gaya masa. Ya daɗe bai ce komai ba, ina jin hayaniyar kasuwa a bayansa. Ya ce ba zai zo ba, amma zai aiko da takardun sakamakonsa na shekara biyu da rabi ta motar Tawa, in je tasha in karɓa ran Laraba.

Abin da ya rage mana yanzu: muna neman wanda zai fassara mana sashen dokar da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci, fassarar da tsohuwa a ƙauye za ta gane. Yaya ƴar Ƙonni, in kina da cikakken hukuncin kotun CEDEAO ki taimaka mana da shi. Baba, in lafiya ta bari, muna so ka zo ka zauna a layin gaba. Za mu aiko a ɗauko ka, ba sai ka hau faba-faba ba.